Amurka ko Turai: Ina Rayuwa Ta Fi Sauƙi? Tambayoyi da Amsoshi

Wannan gardama ba ta ƙarewa a majalisa da zaurukan WhatsApp. Wani ya rantse cewa babu inda ya kai Amurka samun kuɗi da walwala, wani kuma ya ce ma'aikacin Jamus ko Sweden ya fi Ba'amurke kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Kowanne yana da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsa gwargwadon abin da ya tabbata.

Da farko, daidai ne ma a kwatanta Amurka da Turai?

Sai da taka-tsantsan. Amurka ƙasa ɗaya ce mai jihohi 50 da mutane kusan miliyan 340. Turai nahiya ce mai ƙasashe sama da 40, kuma 27 daga cikinsu ne ke cikin Tarayyar Turai, mai mutane kusan miliyan 450. Tsakanin Luxembourg da Bulgeriya akwai tazara mai yawa a arziki, haka ma tsakanin jihar Massachusetts da jihar Mississippi. Don haka a nan idan aka ce Turai, ana nufin yammaci da arewacinta: Jamus, Faransa, Birtaniya, Holand, Italiya, Sifaniya da ƙasashen Sikandinabiya. Su ne mutane ke nufi idan suna wannan gardama.

Wa ya fi samun kuɗi?

Ba'amurke, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Idan aka raba arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ga yawan jama'arta, a 2023 kason kowane mutum a Amurka ya haura dala 80,000, na Jamus ya ɗan wuce 50,000, na Faransa kuwa bai kai 50,000 ba. Likita, injiniya, ma'aikaciyar jinya da masanin kwamfuta duk sun fi takwarorinsu na Turai albashi, wani lokaci ninki biyu. Shi ya sa ƙwararrun Turai da yawa ke tsallakawa California da New York, ba a cika ganin akasin haka ba.

Amma fa a duba abu biyu. Na ɗaya, Ba'amurke ya fi daɗewa a bakin aiki: kimanin sa'o'i 1,800 a shekara, alhali ma'aikacin Jamus bai kai 1,400 ba. Wani ɓangare na wancan kuɗin da lokacinsa ya saye shi. Na biyu, wanda ke ƙasan tsani a Amurka ba ya ganin wannan arzikin. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a sa'a, kuma tun 2009 ba a taɓa shi ba, duk da cewa jihohi da dama sun ɗaga nasu. Mai hidima a gidan abinci ma doka ta yarda a biya shi dala 2.13 a sa'a a wasu jihohi, tukuicin masu cin abinci ne zai cike saura. A Jamus mafi ƙarancin albashi ya kai yuro 12.82 a sa'a a 2025.

An ce haraji a Turai yana cinye rabin albashi. Gaskiya ne?

Ga mai albashi mai kauri wanda ba shi da iyali, a ƙasashe irin su Beljiyam da Jamus, maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba idan aka haɗa haraji da kuɗin fansho da na inshorar lafiya. Sannan ga harajin VAT a kan kusan duk abin da za ka saya: kashi 19 cikin 100 a Jamus, 20 a Faransa, 25 a Sweden da Denmark. Amurka ba ta da irin wannan haraji a matakin tarayya, jihohi ne ke ɗora nasu, kuma yawanci bai kai kashi 10 ba. Jihohin Texas da Florida ma ba sa karɓar haraji a kan albashi.

Abin da ake mantawa shi ne, abubuwan da Bature ya biya ta hanyar haraji, Ba'amurke ma zai biya su, daga aljihunsa ne kawai: inshorar lafiya, kuɗin renon yara, kuɗin jami'a, mota ta biyu. Wanda bai yi rashin lafiya ba, ba shi da yara, ya ci riba. Mai 'ya'ya uku da ciwon suga lissafinsa daban ne.

Me ya sa kullum ake kuka da asibitin Amurka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a nan ne bambancin ya fi fitowa fili.

Ba wai asibitocin ba su da kyau ba ne. Wasu daga cikin mafi ƙwarewa a duniya suna can, musamman wajen cutar daji da manyan tiyata, kuma mai inshora mai kyau yakan ga ƙwararren likita cikin sauri. Matsalar tana wajen biya. Yawancin Amurkawa masu aiki ta wurin aikinsu suke samun inshora. Idan aiki ya tafi, inshora na iya tafiya tare da shi, a daidai lokacin da mutum ya fi rauni. Gwamnati tana ɗaukar nauyin 'yan shekara 65 zuwa sama ta shirin Medicare, da marasa galihu ta Medicaid, dukansu an kafa su a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta faɗaɗa inshora sosai, ta kuma hana kamfanoni ƙin karɓar mutum don yana da tsohon ciwo. Duk da haka, a 2023 akwai mutane kusan miliyan 26 da ba su da inshora kwata-kwata.

Mai inshorar ma bai tsira gaba ɗaya ba. Ga yadda abin ke faruwa: yaro ya faɗo daga keke ya karye a hannu, an kai shi asibiti, an ɗora shi, an dawo gida ba a karɓi komai mai yawa ba. Bayan makonni sai wasiƙu su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, takardar asibiti daban, ta likitan da ya duba hoton ƙashi daban, ta motar asibiti daban. Yarjejeniyar inshorar ta ce sai uban ya fara kashe wani adadi daga aljihunsa a kowace shekara, sau da yawa dubban daloli, kafin kamfani ya fara biya. Sai ya zauna da waya a kunne yana ja-in-ja da kamfani a kan wane asibiti ne ke cikin jerinsu, wane ne ba ya ciki. Akwai mutanen da ke gwammacewa a kai su asibiti a motar haya maimakon a kira motar asibiti, don tsoron takardar da za ta biyo baya. Doka tun 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa karɓar duk wanda ya zo a mawuyacin hali ko ba shi da sisi, amma ba ta yafe masa bashin ba.

A Jamus, wadda tsarinta ya faro tun 1883 zamanin shugaban gwamnati Bismarck, ana cire wani kaso daga albashi, mai aiki da wanda ya ɗauke shi su raba biyu. Matar da ba ta aiki da yara suna ƙarƙashin wannan inshorar ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka miƙa kati a wurin likita, a duba ka, ka tafi. Idan an kwantar da babban mutum, yuro 10 yake biya a rana. Kusan adashe ne na ƙasa baki ɗaya: kowa na zubi, wanda lalura ta faɗa wa shi ke kwasa. A Birtaniya kuwa hukumar NHS, wadda aka kafa a 1948, da kuɗin haraji take aiki, ba a tambayarka komai a ƙofar asibiti.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne Amurka ce ta fi kashe kuɗi a harkar lafiya, kimanin kashi 17 cikin 100 na arzikinta, alhali Jamus da Faransa suna wajen 12. A ganina babu wata hujja da za ta wanke ƙasa mai wannan arziki a kan barin iyali su shiga bashi saboda jinya.

To kenan asibitin Turai ba shi da matsala?

Yana da ita, layi. A 2023 jerin masu jiran magani ko tiyata a Ingila ya haura miliyan 7. Mai ciwon gwiwa ko yanar ido na iya shafe watanni yana jira. A ƙauyukan Faransa akwai yankunan da samun likita ke wuya ƙwarai. Al'ummar nahiyar na tsufa, masu zubi na raguwa, masu buƙata na ƙaruwa, kuma shi ya sa asibitocin Birtaniya suka dogara da likitoci da ma'aikatan jinya daga Indiya, Filifin da Najeriya.

Su wa suka fi tsawon rai?

Turawan Turai. A 2023 matsakaicin tsawon rai a Amurka shekara 78.4 ne, a Tarayyar Turai ya haura 81, a Sifaniya, Italiya da Suwizalan kuwa ya haura 83. Ba asibiti kaɗai ne dalili ba. Abin da ke jawo lissafin Amurka ƙasa shi ne mutuwar masu ƙananan shekaru. Daga 2021 zuwa 2023, sama da mutane 100,000 ne ke mutuwa duk shekara ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima, yawanci fentanyl. Haɗarin mota na cin rayuka kimanin 40,000 a shekara, ninki biyu na Tarayyar Turai wadda ta fi ta yawan jama'a. Sai bindiga, sai ƙiba, wadda ta kama kimanin kashi 40 cikin 100 na manya.

Maganar bindiga fa? Da gaske mutum ba ya iya fita cikin aminci?

An ƙara wa maganar gishiri, amma tana da tushe. Gyara na biyu ga tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya ba 'yan ƙasa damar mallakar makami, kuma yau bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 sama da mutane 48,000 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu kansu suka kashe. A 2023 kisan kai a Amurka ya kai wajen mutum 6 cikin kowane 100,000, a Jamus da Italiya kusan 1 ne ko ƙasa da haka.

Sai dai kisan ya taru ne a wasu unguwanni na wasu birane, kuma talakawa baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Miliyoyin Amurkawa na rayuwa a garuruwan da ba sa jin ƙarar harbi. Duk da haka, a makarantun firamare ana koya wa yara yadda za su kulle ƙofa su ɓuya idan ɗan bindiga ya shigo, abin da yaron Holand bai san da shi ba. A Turai abin da baƙo zai fi haɗuwa da shi shi ne 'yan sane a tashoshin jirgin ƙasa na Paris, Rum da Barcelona.

Hutu fa? An ce Amurkawa ba sa hutawa.

Babu dokar tarayya a Amurka da ta tilasta wa kamfani ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, ko na kwana ɗaya. Kamfanoni da yawa na bayarwa don raɗin kansu, sau da yawa mako biyu ga sabon ma'aikaci. Dokar Tarayyar Turai ta ce mako 4 ne mafi ƙaranci. Faransa mako 5 take bayarwa tun 1982, ga kuma makon aiki na sa'o'i 35. A watan Agusta za ka tarar da shaguna a Paris da Milan an rufe, an manna takarda a ƙofa cewa sai ƙarshen wata. Ranar Lahadi a Jamus manyan kantuna a rufe suke, doka ce. Ma'aikacin Jamus da ya kwanta ciwo kuma, wurin aikinsa zai biya shi cikakken albashi har mako 6.

A kusan duk jihohin Amurka ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da dogon bayani ba, in dai ba don wariya ba ce. A Faransa da Italiya korar ma'aikaci aiki ne ja. Wannan kariya tana da farashinta: kamfani na jin tsoron ɗaukar sabon mutum, shi ya sa rashin aikin yi a Sifaniya ya daɗe sama da kashi 10 cikin 100, na matasa ma ya ninka haka, yayin da na Amurka ke yawo wajen kashi 4. A Amurka da sauƙi a kore ka, da sauƙi kuma ka samu wani.

Ni mace ce mai aiki. Ina ya fi dacewa da mai haihuwa?

'Yar'uwa, a nan babu gardama, Turai ce. Dokar Amurka ta 1993 mako 12 ta ba mai jego, babu albashi, kuma ba ta shafi ƙananan kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 50 ba. Wasu jihohi kamar California da New York sun yi nasu tsarin na biya, amma akwai mata da yawa da ke komawa aiki kafin su yi arba'in, don gida ba zai iya jure rashin albashi ba. A Sweden iyaye na da kwanaki 480 na hutun reno da kuɗi, su raba tsakaninsu. A Jamus ana biyan iyaye wani kaso na albashinsu har wata 14, sannan kowane yaro gwamnati na ba shi sama da yuro 250 duk wata.

Akwai kuma abin da ya kamata kowace mace baƙar fata ta sani: mutuwar mata wajen haihuwa a Amurka ta fi ta kowace ƙasar yammacin Turai, kuma mata baƙar fata na mutuwa kusan ninki uku na farare.

Gida da mota fa?

Nan Ba'amurke ke fanshewa. Sabon gida a Amurka yakan haura murabba'in mita 200, ga gareji ga fili, kusan ninki biyu na gidan da iyalin Jamus ko Birtaniya ke ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na iyalan Amurka gidansu nasu ne, a Jamus fiye da rabi haya suke. Fetur ya fi araha sosai a Amurka, a Turai lita yakan kusa yuro biyu. Wutar lantarki ma ta fi araha, musamman bayan yaƙin Ukraine na 2022 ya tayar da farashin gas a Turai. Kusan kowane gida a Amurka na da na'urar sanyaya ɗaki. A Turai kaɗan ne, kuma zafin 2003 ya kashe kusan mutane 15,000 a Faransa kaɗai, yawancinsu tsofaffi.

Amma a wajen birane irin su New York da Chicago, wanda ba shi da mota a Amurka a ɗaure yake. Akwai unguwannin da babu ko hanyar masu tafiya a ƙasa, sayen burodi ma sai an tada mota. Tsoho da ya daina tuƙi da yaron da bai kai ba, sai sun jira a kai su. A Amsterdam da Copenhagen yara kan hau keke su tafi makaranta su kaɗai, jirgin ƙasa kuma ya ɗauke ka daga Paris zuwa Lyon cikin sa'o'i biyu.

Karatun jami'a fa?

Harvard, MIT da Stanford duk a Amurka suke, kuma wajen bincike da kuɗin tallafi ga masu digiri na uku da wuya a kamo ta. Amma bashin karatu da ke wuyan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.6, wasu har su yi furfura suna biya. A yawancin jami'o'in gwamnati na Jamus babu kuɗin makaranta, har ga baƙi, sai ɗan kuɗin rajista kowane zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg na karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar ba. Kada a haɗa da Ingila: can ɗan ƙasa ma yana biyan sama da fam 9,000 a shekara, baƙo kuwa ya fi haka sosai.

Ga Musulmi baƙar fata, ina ya fi sakewa?

Kowane ɓangare da irin ciwonsa. Wajen addini, dokar Amurka ta fi ba da sarari. Babu wanda zai hana yarinya sa hijabi a makarantar gwamnati. Birnin Minneapolis ya amince a 2023 a riƙa kiran salla da lasifika sau biyar a rana, kuma Ilhan Omar ta shiga majalisar dokokin tarayya da ɗankwalinta. Faransa kuwa ta hana hijabi a makarantun gwamnati a 2004, ta hana niƙabi a bainar jama'a a 2010, ta ƙara da abaya a makarantu a 2023. Suwizalan ta hana gina hasumiyar masallaci a 2009. Birtaniya daban take: masallatai da naman halal ko'ina, kuma Sadiq Khan ya zama magajin garin Landan a 2016.

Wajen launin fata, tabon Amurka a bayyane yake, duniya ta ga kisan da ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a 2020, kuma gidajen yarin ƙasar na ɗauke da mutane kusan miliyan 2, baƙar fata sun fi kasonsu yawa a ciki. A Turai wariyar ta fi zuwa a ɓoye: ka nemi gidan haya ko aiki, a ga sunanka, shiru. Ɗan baƙo da aka haifa a Amurka yakan ce shi Ba'amurke ne kuma a yarda. Wanda aka haifa a Jamus ko Italiya yakan girma ana tambayarsa asalinsa. Hausawan Zango na Gana da ke unguwar Bronx a New York da 'yan Nijar da ke Greensboro a North Carolina sun kafa masallatai da ƙungiyoyinsu, kuma samun irin wannan jama'a kusa yakan sauƙaƙa zama fiye da kowace doka.

To, kai a ganinka wanne ya fi?

Ya danganta da inda mutum yake tsaye. Matashi mai lafiya da ƙwarewar da ake nema, ko mai son kafa kamfani, zai fi tara dukiya a Amurka, kuma babu amfanin musun haka. Direban bas, mai shara, mai kula da tsofaffi, mai iyali da yawa, ko mai ciwon da ba ya warkewa, ya fi samun barci a Jamus, Holand ko Sweden. Idan za a tilasta mini zaɓa wa mutumin da ban san matsayinsa ba, Turai zan zaɓa masa, don yawancin mutane ba likitoci ba ne, kuma kowa na iya kwanciya ciwo. Abin da ke damuna shi ne masu wannan gardama kusan kullum a sahun masu nasara suke hango kansu.

Duk waɗannan haƙƙoƙi, baƙo ma yana samun su?

Mai takardun zama da izinin aiki yana samun mafi yawansu, ko da yake a Birtaniya baƙo sai ya biya wani kuɗin lafiya na musamman tare da kuɗin biza, kuma yawancin biza ba su ba shi damar karɓar tallafin gwamnati ba. Wanda ba shi da takardu kuwa, hutun mako biyar da kuɗin yara da fansho duk ba nasa ba ne. Mutanen da suka bi ta Agadez da Libiya suka tsallaka teku zuwa tsibirin Lampedusa na Italiya, da yawansu a gonakin tumatir na kudancin Italiya suke ƙarewa, suna kwana a bukkokin leda, ana biyansu ƙasa da abin da doka ta tanada, ba su da inda za su kai ƙara. A Amurka marar takardu yakan samu aikin gini ko na gidan abinci da ɗan sauƙi, amma ba ya cikin Medicaid sai a halin gaggawa, kuma kullum yana cikin fargabar jami'an shige da fice. Dokokin biza a ɓangarorin biyu suna ta tsananta, suna kuma sauyawa da sauri, don haka duk mai niyya ya duba shafin ofishin jakadancin ƙasar da kansa kafin ya miƙa wa wani dillali ko kwabo.